Masu Ɗinkin Hula Iri-Iri Ne

Akwai masu ɗinkin hula don su ci abinci. Ba da su nake ba, Allah ya yi wa sana'arsu albarka. Su ne za ka gani a zauruka da gindin bishiyoyi tun daga Maiduguri har Zariya, kai a sunkuye, ba ruwansu da kowa, in sun ce maka ka dawo Juma'a to Juma'ar ce, in ba wannan ba ta gaba. Da 'yan sha'awa irina nake, mu da ba wanda ya aike mu, muka ga hula a kan mutane muka ce ai wannan ba wani abu ba ne, muka je muka sayo allura. Na daɗe a cikinsu, kuma na lura allura ba ta rufa wa kowa asiri. Ba mutum farin ƙyalle da zare na wata guda, za ka san halinsa fiye da in kun yi tafiyar Makka tare.

Ga Mai Gwangwani. Shi ranar da sha'awa ta kama shi ya zaga kasuwar Kurmi, ya leƙa ta Kwari, ya dawo da zare launi talatin, allura takarda biyu, almakashi babba da ƙarami. Ya kai farin yadi wurin mai zane aka fitar masa da zane da biro, jikin hula daban, samanta daban. Duk ya shirya su cikin gwangwanin biskit. Kullum bayan La'asar zai shimfiɗa tabarma, ya buɗe gwangwani, ya jera zaren nan daga mai duhu zuwa mai haske, ya ja da baya ya dube su, ya ce wannan shuɗin bai yi ba, akwai wani da ya gani a kasuwa. Kafin ya yanke shawara an kira Magariba. Zanen biron ya dushe tuni, an sake masa sau biyu, amma har yau allura ba ta taɓa ƙyallen ba.

Abokin hirarsa shi ne Gwanin Baki, wanda na fi jin tsoro. Wannan ya san komai. Daga nesa zai gaya maka wannan kube ce, waccan damanga, ta kan liman aikin Bama ne. Ba za ka ambaci hular zanna a gabansa ba sai ya gyara zama ya ba ka labarin Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Barno, minista a Jamhuriya ta Farko, wanda hular ta ci sunansa, har ya kai ka rasuwarsa a 1969, ko da kuwa jiya ma ya ba ka. In tsautsayi ya sa ka miƙa masa aikinka, ba zai dubi gaban da ka sha wahala a kai ba. Juya shi zai yi, ya ɗaga bayan ga rana, ya ga ƙulle-ƙulle da jelar zare sun yi cirko-cirko kamar saiwar albasa, ya yi tsaki a hankali.

"Malam, ai a baya ake gane gwani. Hujin nan naka wani ya fi wani faɗi. Hannunka yana da nauyi."

"To Yallabai, ga allurar, a ɗan nuna mana."

"A'a, ni idona ba ya son farin yadi da yamma."

Da safe ma ba ya so. Shekara goma ina neman lokacin da idonsa ke son farin yadi.

Ita kuwa Hajiya Warwara ta iya, wannan ba gardama. Hujinta ƙanana ne reras, kowanne ta zagaye shi da zare kamar idon kifi. Matsalarta ita ce tana ganin abin da ba wanda zai gani. Sai ta yi sati uku tana aiki, ranar da ta kusa zagayowa ta hango wani ɗinki guda can baya da ya karkace da faɗin gashi, ta ɗauki tsinin allura ta warware komai. Ka ce mata, "Hajiya, wa zai hau kan mutum ya ƙirga?" ta ce ita ta sani, kuma ba za ta iya barci ba. Ƙyallenta har ya yi laushi don shan huda.

Amma a duk cikin jama'ar nan babu mai ban tausayi da ban dariya kamar budurwar da ke ɗinka wa saurayi. Tashin farko akwai matsalar awo. Kunya ba za ta bar ta ta ce masa kawo kanka in gwada ba, kuma kan mutum ba ƙwarya ba ne da za a kimanta da ido. Sai a haɗa baki da ƙaninsa, a ba shi na alewa, ya sato tsohuwar hula a auna a mayar. Yaron kuwa, da yake ba shi da asara a ciki, ta babansu yake saukowa da ita. Daga nan aiki ya fara, a ɓoye, cikin ɗaki, da fitilar waya, in an ji motsin Baba a cusa ƙarƙashin matashi. An yi niyyar Ƙaramar Sallah. Azumi ya zo da aikin girki, aka ɗaga zuwa Babba. To tsakanin Sallah da Sallah wata biyu ne da kwanaki, kuma a wata biyu saurayi na iya zama labari. Wata ƙanwata ta gama tata daidai satin da aka kawo mata katin ɗaurin aurensa. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta shigo ɗakina ta ajiye mini.

"Yaya, ga hula na ɗinka maka."

Na sa, ta faɗo mini har gira. Na yi godiya, ban tambayi komai ba. Tun ranar nake kallon kawunan samarin unguwarmu a masallacin Idi, in na ga hula ta yi wa mutum yawa ko ta ɗare masa a tsakar ka, sai in ce a raina, wannan ma soyayyar wani ya gada.

Akwai Mai Kunne. Ita ɗinki labule ne. Za ta ɗauki ƙyallenta ta zauna a tsakar gida daidai inda murya ke fitowa daga ɗakin amarya, ta sunkuyar da kai, kowa ya ce baiwar Allah ba ruwanta. Ka lura da hannun. In hira ta yi sanyi allura na gudu, in an rage murya allura ta tsaya cak a iska. Hularta ba ta ci gaba, amma babu auren da zai mutu a layin ba ta riga alƙali sani ba.

Mai aro ba sai na daɗe a kansa ba. "Ɗan san mini jan zare kamu ɗaya." Da kamu ɗaya-ɗaya ya gama hula biyu.

Na zamani shi ne Mai Waya. Ya koya a YouTube, wurin wata Baturiya mai ɗinka furanni a ƙyallen da aka ɗaure cikin zoben katako, don haka shi ma sai da ya nemo zoben, alhali masu hular garinsu a yatsa suke naɗe ƙyalle tun kakanni. In ya yi huji biyar sai ya ɗauki hoto goma, ya sa a WhatsApp ya rubuta "aiki ya kankama". Mutum arba'in sun yi masa fatan alheri, uku sun ce a yi musu irinta. Ya karɓa duka.

Wani kuma lissafi ne ya kashe masa sha'awa. Ya gama hularsa ta farko cikin wata huɗu, ya kai aka wanke aka sa mata sitaci, aka ɗora a gungumen icce ta bushe ta tsaya ƙyam. Sai zuciya ta raya masa ai wannan hanyar arziki ce. Ya kai wa dillali a kasuwa. Dillali ya juya ta, ya ce, "Ɗan koyo ne ya yi?" ya taya kuɗin da bai kai na zare ba. Tun daga nan ya bar yi wa masu hula ciniki mai tsanani. Ni ma haka, musamman in na tuna mutanen Bama. Da Boko Haram ta kama garin a watan Satumba na 2014, da yawansu sun iso Maiduguri ba su da komai sai abin da hannu ya iya, kuma da allurar nan da muke wasa da ita mata da maza suka riƙa ciyar da 'ya'ya a sansanonin gudun hijira.

Can gefe, a kan buzu, akwai Baba. Shi duk 'yan hula yara ne a wurinsa, domin da ƙuruciya aikin babbar riga ya yi: aska biyu, aska takwas, tambari, linzami, har malum-malum da ke cin watanni. Zai gaya maka zare shi ne tsamiya, wanda ake samu daga gidan tsutsar daji, a dafa da toka, a kaɗa da hannu, sauran duk roba ne. Aikin keke kuwa ko sunansa ba ya son ji. A da, in ji shi, aikin riga na maza ne da almajirai, sai ga shi matan birnin Zariya sun karɓe allura a cikin gidajensu, har suka kafa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina a 1994. Yana faɗa yana ɓata rai, amma in aka kawo masa aikinsu sai ya shafa ya yi shiru, wanda a wurin Baba yabo ne babba. Yanzu ya ajiye sana'a, ɗebe kewa kawai yake yi. Hannun na nan daram, ido ne ya ci amana. Zai lashi bakin zare, ya murza, ya ɗaga allura sama, ya kai hari sau bakwai yana wuce kafar, ba zai yarda ba. Sai can ka ji, "Kai, wane yaro ne a kusa? Allurar yanzu ba ta da ƙofa." Jika ya zura masa cikin ƙiftawar ido. Daga nan kuwa, ka zo ka ga aiki.

Saura mutum ɗaya, kuma laifi tudu ne, na taka nawa na hango na jama'a. Shi ne Sai Sallah Mai Zuwa. Na fara wata hula da niyyar in sa ranar sunan ɗana na fari. Yaron bana ya shiga sakandare. Jikin hular ya kai rabi, saman kuwa ɓera ya ɗanɗana gefensa. Sau ɗaya na bar allura a soke cikin katifa, maiɗakina ta gano ta da tsakar dare ta hanyar da ba ta so, allura ta tono garma, har maganar kuɗin cefanen bara sai da ta fito. Tun daga ranar aka kore ni da gwangwanina zuwa zaure.

Duk da haka ban sallama ba. In akwai mai karatu da kansa ya kai inci 22 da rabi, kuma Allah ya hore masa haƙuri da tsawon rai, ya aiko da sunansa. Sallah mai zuwa, in sha Allahu.