Yadda Na Kai Auta Jos

A gidanmu ni ne mai baki. Tun ina makarantar Lahadi, in aka ce yara su haddace aya ɗaya, ni sai na haddace uku, in ƙara da bayani. Ƙanena Auta kuwa yana iya wuni bai furta kalma goma ba, rabinsu kuma "to" ce. Saboda haka ranar da magatakardan ikilisiya ya karanta sanarwa cewa wata ƙungiyar Kirista a Jos tana neman matasan da za ta horar na wata shida a kan shugabanci da iya magana a gaban jama'a, ga wurin kwana, ga abinci, ga ɗan kuɗin sabulu, ban jira ya kai ƙarshe ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na waiga na dubi sauran matasa da tausayi.

Abubuwan da ake buƙata ba su da yawa: takardar baftisma, wasiƙa daga hannun fasto, bidiyo na minti uku, da rubutacciyar shaida ta yadda mutum ya sadu da Ubangiji. A kan shaidar nan ne keke ya fara cizo.

Ni dai ba ni da tarihi. Kakana yana yaro aka gina tsohuwar majami'ar ƙasa ta Wusasa a 1929, kuma tun daga shi har zuwa kaina babu wanda ya taɓa ɓacewa a zuriyarmu, balle a nemo shi. An haife ni a cikin ikilisiya, an yaye ni a bencin Zumuntar Mata, na yi ƙungiyar mawaƙa har muryata ta fashe aka mai da ni ɗaukar ganga. Wanda kuwa ya saba zuwa taron farkawa ya san irin shaidar da ake yi wa tafi: tsohon ɓarawo, tsohon boka, mutumin da ya kwana a kwata ya farka da sabon rai. Ba wanda ke ɗaga hannu sama don an ce masa wani yaro ya tashi lafiya, ya ci gaba da zama lafiya. Na zauna na lalubi zunubaina kaf. Na samo naman Kirsimeti da nake ɗanɗanawa tun daren jajibiri, da kuɗin baiko da akan ba ni naira hamsin in saka ashirin. Da wannan zan kara da 'yan Jos?

Sai na ɗan yi wa shaidar kwalliya. Na sa burukutu. Da na ga ya zauna daidai a jimlar, na ƙara da wiwi, da yawon dare, da wata ƙungiyar 'yan daba da na ce ni ne mataimakin shugabanta, don ban so in yi zari in ce shugaba. Na rufe da wani haske da ya tare ni a kan hanyar Tudun Wada, kusa-kusa da abin da ya sami Bulus a hanyar Dimashƙu, sai dai ni ban makance ba, saboda ina buƙatar idanuna a sakin layi na gaba. Har yau ina ganin rubutun ya yi kyau.

Abin da ban lura da shi ba, a ƙasan takardar akwai wurin sa hannun fasto da hatiminsa.

Baba Rabaran ya sa tabarau, ya karanta, ya cire, ya goge, ya sake karantawa. Shi ne ya yi mini baftisma. Ya ce, "Ɗana, bar mini ita in yi addu'a a kai." Na fito ina murna, a zatona rubutun ne ya taɓa shi. Baba Rabaran mutum ne mai riƙe asiri, wannan kowa ya shaida. Amma yana da al'adar yin addu'a da ƙarfi, kuma ɗakin addu'arsa yana jikin madafin Mama Rabaran, ita kuwa ita ce shugabar Zumuntar Mata.

Da yammacin Alhamis ina kwance na ji tukwanen kiɗa a ƙofar gida. Matan Zumunta ne suka zo cikin ankonsu, ɗaurin kallabi iri ɗaya, suka cika tsakar gida har da zaure. Mamarmu tana tsakiya tana kuka. Aka durƙusar da ni a kan tabarma, hannuwa suka sauka a kaina har wuyana ya ƙage. Wata tsohuwa, wadda tun ina goye take ba ni alewa, ta ce ita dama ta daɗe tana ganin jan idon nan nawa, kunya ce ta hana ta magana. Wata ta ce a bincika ƙarƙashin katifata. Mama tana jijjiga ni: "Wa ya sayar maka? Faɗa mini gidan, in je in same ta!" Na yi ta bayani cewa salon rubutu ne, ana kiransa jan hankalin mai karatu. Suka ce shaiɗan ne yake magana, a ƙara waƙa.

Babanmu bai ce komai ba sai da suka watse. Ya kira ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ni abu ɗaya nake so in sani. Kai da ko kuɗin aski sai na ba ka, a ina ka sami na giya?"

Da naman Kirsimeti da naira talatin ɗin baiko shaidar ta tafi Jos.

Bidiyon bai ba ni wahala sosai ba, in ka cire injin markaɗen maƙwabta, da zakaran da ya ɗauki kowace "Haleluya" tawa a matsayin ƙalubale, da kiran sallar la'asar da ya sa muka dakata. Na yi nazarin manyan masu wa'azin talabijin: farin hankici a hannun hagu, tafiya daga wannan bango zuwa wancan, sai a yi ƙasa da murya kamar za a faɗi sirri, sannan a daka tsawa. Auta ne ya riƙe waya. Malam tela da ke ƙofar gidanmu ya dawo daga masallaci ya tsaya yana kallo ta kan katanga, can ya ce, "Samari, lafiya? Wa ya taɓa ka?" Na tambayi Auta yadda ya gani. Ya ce, "To."

Da saƙo ya zo cewa in je ganawa, Kawu ya ara mini kwat ɗin aurensa, mai faɗin kafaɗa da warin kafur. Mama kuma ta ce Auta zai raka ni. A fili, don ya riƙe mini jaka. A ɓoye, wanda ta faɗa da ƙarfi a gabana, don ya sa mini ido, tunda an ce burukutu ba ya wuya a ƙasar Filato. Muka bi ta Pambeguwa, Saminaka, Jengre, mota tana hawa kunnuwana suna toshewa, ina maimaita jawabina ga wani buhun barkono da aka ɗora mini a cinya. Muka sauka Farin Gada cikin hunturu. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a ranar na ji kowace mita a haƙorana. Kwat ɗin Kawu dai kafaɗa ce kawai, babu ɗumi.

A zauren jira na tarar da abokan takara. Ga wata daga Gindiri da ta shugabanci ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS a makarantarsu, tana tuna wa kowa cewa a garinsu aka kafa ƙungiyar a 1957, kamar da ita aka yi. Ga wani daga Kagoro da Littafi Mai Tsarki wanda ya sha jan biro har ba a ganin baƙin. Ga 'yan Biliri, da Zuru, da Mubi. Berom ne, Ngas ne, Tangale ne, Bajju ne, kowa da harshen gidansu, amma hirar duk da Hausa ake yinta. Ba abin mamaki ba ne. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora, da shi da littafin waƙoƙi kakanninsu suka koyi karatu, da Hausa aka ɗaura wa iyayensu aure, da ita ake binne su. Ni kuwa, Bazazzagi, jikan Wusasa, sai na yi lissafi irin na masu wayo: in kowa zai yi Hausa, wanda ya yi Turanci shi zai fita daban.

Mutum uku ne a teburin. Wani tsohon Rabaran mai furfura da hular sanyi, wata Mama da ka gan ta ka ga tsohuwar shugabar makaranta, da wani matashi a bayan kwamfuta da ƙararrawa a gefensa. Aka miƙo mini kwandon baiko cike da ƙananan takardu. Ka ɗauki ɗaya, abin da ka gani ka yi magana a kai minti uku. Na ɗauka, na buɗe: Ayyukan Manzanni, sura 20, Aftikos.

Na san labarin sarai. Bulus yana Taruwasa, washegari zai tashi, sai ya ja magana har tsakar dare a wani bene mai fitilu da yawa. Wani saurayi da ke zaune a taga barci ya kwashe shi, ya faɗo daga hawa na uku, aka ɗauke shi matacce, Bulus ya sauka ya rungume shi, rai ya dawo. Na ce a raina, Allah ya kashe ya ba ni. Na zaro hankici, na buɗe baki da Turanci.

Mama ta ɗaga hannu. "Ɗana, waɗanda muka ɗauka ƙauyuka za mu tura su, wurin tsofaffi da manoma. In Turanci za ka yi, sai da tafinta. Wancan yaron mai jaka a bakin ƙofa, naka ne?"

Aka shigo da Auta, rungume da jakata.

Na fara da tarihin Taruwasa. Na bi ta kan tafiye-tafiyen Bulus, na ratsa Makidoniya, na yi bayanin yadda hayaƙin fitilun mai ke cinye iskar ɗaki, na taɓo halin matasan zamani da wayoyinsu. Na tsaya, na juya ga Auta, ina haki.

Ya ce, "Bulus ya daɗe yana magana."

Na jira sauran. Babu saura. Na sake ɗaukar numfashi, na shiga kashi na biyu, inda na raba barci gida uku: na jiki, na ruhu, da na al'umma. Na je bango na dawo. Na yi ƙasa da murya, na daka tsawa, har mai kwamfuta ya zabura.

Auta ya ce, "Yaron ya gaji. Wataƙila tun safe yake aiki, amma duk da haka ya zo."

Wannan ba ya cikin abin da na faɗa. Na harare shi. Mama kuwa ta rubuta wani abu. Ƙararrawa ta kaɗa, na ɗauka ta wani ɗakin ce. Ta sake kaɗawa, na ɗaga wa mai ita hannu alamar ina zuwa. Lokacin ina tsakiyar gargaɗi ne mai zafi ga masu wa'azin da ba su san lokacin tsayawa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a katse magana mai muhimmanci irin wannan ba. Na kawo misalai. Na kawo misalan misalai. Da na kai ga faɗuwar Aftikos, sai na ji wani sauti daga teburin, na duba: tsohon Rabaran ya sunkuyar da kai, hular sanyi ta rufe ido ɗaya, yana minshari cikin natsuwa. Allah ya sa a ƙasa muke, kuma nesa da taga.

Auta ya dubi tsohon, ya dube ni, ya rufe da cewa, "Da ya faɗi, Bulus bai yi masa faɗa ba. Ya bar wa'azin, ya sauka wurinsa."

Rabaran ya buɗe ido ya ce, "Amin." Ban sani ba ko ya ji, ko kuwa shekaru ne suka koya masa inda ake farkawa.

Mama ta tambaye ni ko na lura da ƙararrawa. Na ce, "Mama, ai nassin da kansa ya nuna cewa bayan an ta da yaron, Bulus ya koma sama ya ci gaba da magana har gari ya waye." Ta ce, "Haka ne, ɗana. Ranar da ka ta da matacce, mu ma za mu ba ka har asuba." Sannan ta juya ga Auta ta tambaye shi shekarunsa, da abin da yake yi a ikilisiya. Ya ce yana share benci. Ta ce wa ya sa shi. Ya ce ba kowa. Ta sake rubutu, mai tsawo wannan karon.

Da na ga inda iska ke kaɗawa, na yi ƙoƙarin ƙarshe. Mama ta ambaci yadda Musa ya yi kukan nauyin baki a Fitowa sura 4, aka haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna ya riƙa yi masa magana. Na ce madalla, amma a duba sura 7: Musa yana da shekara 80, Haruna 83. Wato wa ne mai magana, ba ƙane ba. Ta ce ta gode da tunin, amma in ƙara dubawa in ga ko a cikin su biyun wa aka ba sandar shugabanci tun farko. Mai kwamfuta ya kaɗa ƙararrawa, ba don lokaci ba, don nishaɗi kawai.

A mota Auta ya saya mini dafaffen ƙwai a Saminaka. Ban ci ba sai da ya juya baya.

Wasiƙar ta zo ta hannun Baba Rabaran, ya karanta ta a sujadar safe. An ɗauki Auta, wanda bai cika takarda ba, bai yi bidiyo ba, ba a kuma taɓa yi masa taron Zumuntar Mata ba. Ni kuma an yaba da ƙwazona, an shawarce ni in sake nema. Ikilisiya ta yi tafi. Tsohuwar nan mai alewa ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce kada in bari baƙin ciki ya mai da ni gidan jiya.

Auta ya dawo daga Jos a watan jiya, ya yi ƙiba da dankalin turawa, kalmominsa sun ƙaru zuwa kamar ashirin a wuni. Makon matasa yana tafe, kuma dattawa sun ba shi wa'azin ranar Lahadi. Da yake akwai ɗaliban jami'a 'yan kudu da ke sujada tare da mu waɗanda ba sa jin Hausa, Baba Rabaran ya ce ana buƙatar wanda zai juya musu zuwa Turanci, ya kuma tambaya ko akwai mai sa kai.

An ba Auta minti goma sha biyar. Ba wanda ya ce komai a kan lokacin tafinta. Na aika a karɓo mini kwat ɗin Kawu, na kuma sayi sabon hankici.