Masu Karanta Agogon Na'ura a Nima

Duk mai rubuta manhaja ya san lambar nan mai tsawo, daƙiƙun da kwamfuta ke ƙirgawa tun 1 ga Janairun 1970. Mayar da ita kwanan wata aikin layi ɗaya ne, amma a nan ake gane halin samarinmu na Nima.

Gwanina shi ne Malam Ai-Mu-GMT-Ne. Allah Ya sa layin Greenwich ya ratsa Tema, agogon na'ura da na bangon masallaci bakinsu ɗaya a Accra, rani da damina. Wannan gata ya sangarta shi. Ranar da Alhajin Kano ya bugo cewa rasitansa duk sun yi baya da awa guda, sai ya kurɓi shayi, ya juya allon kwamfuta wajen wayar kamar Alhaji na gani: "Wallahi a tawa daidai yake, Alhaji. Ku dai duba agogonku." Wato Najeriya ce kaf ta yi kuskure. Na Landan kuwa ya sha kuka tun ƙarshen Maris, da Turawa suka mayar da agogonsu baya a Oktoba matsalar ta gyara kanta, gogan naka ya aika a biya shi kuɗin gyara.

Akwai mai mantawa ya ninka da 1000 a JavaScript: waken da aka saya jiya ya fito da kwanan Janairun 1970, zamanin mulkin Busia a Ghana. Akwai Ba'amurken Maamobi, ko filin jirgin Kotoka bai taɓa shiga ba, amma wata yake fara rubutawa, har ya kai bikin 6 ga Maris cikin Yuni. Akwai Ustaz mai son manhaja ta yanke ranar Sallah, alhali unguwa sanarwar Babban Limami Shehu Sharubutu take jira.

Wanda ban yafe wa ba shi ne mai ƙara daƙiƙa 3600 a ɓoye. Ya cusa ta can ƙasa, ba bayani, ya adana lokacin bogi cikin bayanan mutane, ya karɓi kuɗinsa ta MoMo, ya kashe waya. Wanda ya gaji aikin ya kwana tantance kwanan gaskiya da na ƙarya. Wannan mugunta ce.

Sai masu cewa 19 ga Janairun 2038, ranar da ƙirgar tsofaffin na'urori za ta cika ta juye, da saura. Mutanen kirki ne, a benci ɗaya muke shan koko kullum.