Yadda Za Ka Ƙera Katin Hoto a Zauren Gidanku

A gidaje da yawa na cikin birni akwai tsohuwar kwamfuta mai ƙeya da aka lulluɓe da zani, aka ɗora mata kwanukan samira a ka. Kullum mai jari-bola ya bi ta lungu yana cigiya, ana cewa gobe za a ba shi. Ɗan'uwa, kada ka ba shi. Idan abin da ya mutu a cikinta katin da ke fito da hoto ne, kana iya ƙera wani da hannunka, kuma yau zan nuna maka hanya.

Fara da cire tsoro. Kai jikan maƙeran da suka narka tama a gindin Dala ne, ƙarfen narka dalma ba zai gagare ka ba. Katin hoto kuwa, duk girman sunansa, masaƙi ne. Yana jan zare ɗaya daga hagu zuwa dama, irin rubutun boko, ya dawo ya ja na ƙasansa, har ya cika allon, sannan ya koma sama ya sake. Bambancinsa da masaƙin unguwarku shi ne yana gama zani sittin a daƙiƙa ɗaya, kuma ba ya tsayawa gaisawa da masu wucewa.

Kayan aiki ba za ka same su a Kurmi ba, ko da yake an ce babu abin da babu a kasuwar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Fita ganuwa, ka nufi masu kayan lantarki na Sabon Gari, ka leƙa wajen masu gyaran rediyo da talabijin. Nemi allon gwaji mai ramuka, da wayoyi sirara, da razistoci, da aisi masu ƙidaya irin 74LS161, da ƙwayar ajiya guda ɗaya da za ta riƙe hoton, da kiristal mai bugawa sau miliyan 10 a daƙiƙa. Idan mai shago ya tambaye ka me za ka yi da su, ce masa aiki ne na makaranta. In ka faɗa masa gaskiya zai kira maƙwabtansa su zo su gan ka, ka yini a kasuwa.

Kan wayar nan mai launin shuɗi da haƙora 15, wanda ake kira VGA, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987. Daga cikin haƙoran biyar ne za ka yi hulɗa da su, ban da na ƙasa. Na 1 da na 2 da na 3 su ne ja da kore da shuɗi. Na 13 shi ke cewa layi ya ƙare, na 14 kuma ya ce allo ya cika. Shi ke nan dangin.

A nan ne aikin yake, don haka gyara zama. Ka sa aisinka su riƙa ƙidaya daga sifili zuwa 264 a kowane layi. Ɗari biyun farko su ne hoto. Daga 210 zuwa 242 sai ka taɓa haƙori na 13, sauran kuwa hutu ne. Wasu aisin su riƙa ƙirga layukan har 628, wanda 600 ne ake gani, kuma daga 601 zuwa 605 a taɓa haƙori na 14. Allon kwamfuta ya fi surukin da ke karɓar lefe ƙididdiga: ka rage masa ɗaya, ya ɗaure fuska ya yi baƙi ƙirin, ba zai ce maka ga inda ka kuskure ba. Saboda haka kada ka yi wannan ƙidaya lokacin da yara suka taso daga Islamiyya. Bari sai bayan isha'i, gari ya yi tsit.

Launi kuma, ka je marinar Ƙofar Mata ka tsaya ka kalli yadda ake tsoma yadi a karofi. Tsomi ɗaya shuɗi mai haske, tsomi da yawa ya koma baƙi-baƙi. Haka razistocinka za su yi da wuta. Kowane haƙorin launi ba ya son abin da ya wuce bolt 0.7. Da razista biyu a kan kowanne za ka sami hawa huɗu na ja, huɗu na kore, huɗu na shuɗi, in ka haɗa su launi 64 ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Ben Eater ya yi irin wannan a 2019 a kan allon gwaji, ya fito da hoton tsuntsu mai ɗigo 100 a kwance, 75 a tsaye. Kai ka sa hoton Ƙofar Nassarawa.

Abokan gabarka a zaure uku ne. Akwai akuyar maƙwabta, wadda ke ganin jar waya ta ɗauka ganye ne. Akwai ɗauke wuta, kuma maganinsa a wajen allon gwajin mai sauƙi ne, tunda bolt 5 kawai yake ci, abin cajin waya mai batir ya ishe shi. Na ukun shi ne hunturu. Wutar nan da ke tartsatsi in ka cire rigar sanyi tana iya kashe aisi nan take, don haka taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka taɓa kayanka. Ƙeyar allon kwamfutar kuwa kada ka kuskura ka buɗe ta. Tana riƙe wuta mai dubban bolt ko an zare ta daga soket, kuma wannan ba wasa a cikinsa.

Idan hoto ya fito, saura ɗaura aure da kwamfutar. Tsofaffin injuna suna da wani dogon baƙin rami a cikinsu da ake kira ISA, nan katin zai zauna. Sai ka canza ƙwayar ajiyar da wadda ake iya rubutu a cikinta, kuma daga nan rigimar kishiyoyi ta fara: ƙwaƙwalwar kwamfuta tana son ta rubuta, katin yana son ya karanta, tukunya kuma ɗaya ce. Raba musu girki. Katin ya yi aikinsa lokacin da ake zana layi, kwamfuta ta shiga a ɗan hutun nan da ka bari a ƙarshe. In ka bar su suka shiga tare, za ka ga allon yana zubar da ɗige-ɗige kamar an watsa gero.

Ranar da ɗigo na farko ya haska, kirawo ƙannenka da yaran lungu su zauna a tabarma. Ka nuna musu waya ɗaya, ka zare ta ja ya ɓace, ka mayar ya dawo. Sannan ka miƙa wa ƙaramarsu wayar ta gwada da hannunta.