Ire-iren Mutanen Mai a Ollelewa

Matatar mai ta SORAZ tana cikin gundumar Ollelewa a ƙasar Damargu, kimanin kilomita 50 arewa da birnin Damagaram, gefen hanyar Tanut da Agadas. An buɗe ta a Nuwamban 2011. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Ɗanyen mai yana zuwa ta bututu daga Agadem, kuma matatar tana iya tace ganga 20,000 a rana, ta fitar da fetur da dizal da iskar gas ta girki. Ban da waɗannan uku, harkar ta fitar da wasu mutane da ba a ambata cikin yarjejeniya ba.

Na kusa da ƙofa shi ne direban tanka. Rabin aikinsa tuƙi ne, rabi jiran layi, kuma a jiran ya fi ƙwarewa. Da tabarmarsa da butar shayinsa yake yawo. Ya san labarin Arlit da Diffa da Konni, wanda bai sani ba kuwa yakan ƙarasa shi da kansa.

Can bakin hanya akwai mai kwalba, da teburin katako da mazurari. Shekara da shekaru fetur ɗinsa daga Najeriya yake ƙetarowa, domin tallafin can ya sa ya fi araha, har a ga mutum yana hango matata yana sayar da man wata ƙasa. Da Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kasuwar ta girgiza, amma teburin bai tashi ba. Kwalbarsa lita ce cif, in ji shi, kuma ba a taɓa jin kwalba ta musa ba.

Babban abokin cinikinsa ɗan kabu-kabu ne, wanda bai yarda da cika tanki ba. Rabin lita yake sha, ya girgiza babur, ya kara kunne ya ji saura. Idan mai ya ƙare a daji ba ya cewa ya ƙare, sai dai ya ce, “Alhaji, ɗan sauka ka miƙe ƙafa.” Daga nan ya kwantar da babur, ya hura tanki da baki, ya samo abin da zai kai su gari na gaba, ko kusa da shi.

Tsakanin waɗannan biyu masani ke tsayawa, ba tare da an kira shi ba. Yakan ɗiga mai a tafin hannu ya hura: in ya bushe nan take, mai kyau ne, in ya bar maiƙo, an yi masa haɗi da kananzir. Gwajin yana da tushe, don fetur ya fi kananzir saurin bin iska. Abin da iliminsa bai kai ba shi ne tururin nan ne ke kama wuta, shi ya sa yakan rufe bayani da neman ashana zai kunna taba, jama'a su watse.

Wani irin kuma bai bayyana ba sai a Yulin 2024, da gwamnati ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Dala ɗari ba tamma ɗaya ke nan. Yakan miƙa dala ɗari a gidan mai, ya kafe yana jiran canji, alhali shi kansa ya manta rabon da ya ga tamma.

Masu gas kashi biyu ne. Matsoraciya takan sa maigida ya sayo tukunya, ta ajiye ta can ƙarshen gida, ta ci gaba da girki da karan gero, tana gargaɗin yara kada su yi tari kusa da ita. Mai ƙarfin hali kuwa da ashana yake binciken yoyo. Gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa, kuma da gangan ake sa masa wari don hanci ya gane. Ruwan sabulu ake shafa wa mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Masu gwajin ashana ba su cika yawa ba, domin gwaji ne da ba kasafai ake maimaita shi ba.

Akwai kuma mai amalanken jaki, wanda bai mallaki ko injin markaɗe ba, amma ya fi kowa bin farashin mai a rediyo. “Man namu” yake cewa, kuma a fada shi ke raba wa Sin da Nijar riba. Lokacin ƙarancin fetur na Maris 2025, da motoci suka yi dogon layi a gidajen mai, shi ma ya ƙara kuɗin dako. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce ai mai ya yi wuya.