Mazhabobin Baƙin Mai a Tasawa da Mayahi

In aka ɗebe rabon gadon gona da ganin watan Sallah, da wuya a sami mas'alar da ta raba kan dattawan Tasawa da na Mayahi kamar mas'alar baƙin man da ya cancanta a zuba wa mota 'yar Kwatano, musamman manyan nan masu gudu, Marsandi da BMW da danginsu, waɗanda aka ƙera domin titunan Jamus, suka ci ƙuruciyarsu a can, sa'an nan da tsufa ya fara kama su aka ɗora su a jirgin ruwa aka sauke a Kwatano, ko kuwa a Lome tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, aka koro su tafiyar kilomita fiye da 1,000 ta Doso da Ƙonni da Maraɗi, har suka wayi gari a ƙofar wani Alhaji, a gindin bedi, awaki na hawa bisa kansu. Kowace daga cikinsu ta fito daga ma'aikata da littafinta, wanda maƙerinta ya rubuta a ciki irin man da take sha da lokacin da za a juye shi. Amma littafin nan bai cika tsallake teku ba, in ma ya tsallake to da Jamusanci yake. Da yake nassi ya ɓace, ƙofar ijtihadi ta buɗe, kuma kusan duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya shige ta.

Mafi daɗewar mazhabobin ita ce ta dattijon makanike, wanda ya koyi sana'a a zamanin da Fijo 404 da 504 ke mulkin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ya karɓa daga maigidansa, shi kuma daga nasa maigidan, da isnadi ingantacce, cewa mai ba ya zama mai sai ya yi kauri. In ka kawo masa galan mai rubutun 5W-30, sai ya buɗe, ya ɗiga a ɗan yatsa, ya murza, ya kai hanci, sa'an nan ya dube ka da tausayin da ake duban wanda aka cuta a kasuwa, ya ce, "Alhaji, ai ruwa suka sayar maka. Wannan na ƙasar sanyi ne. Yaro, ɗauko masa mai hamsin." Nufinsa 20W-50, wanda ya zuba wa Fijo shekaru aru-aru bai ga sharrinsa ba, kuma ya yi ƙiyasi a kai cewa abin da ya amfani Fijo zai amfani duk wani abu mai ƙafa huɗu.

Ba na raina dattijon nan, gama a kan tsohon injin da ringinsa ya saki yana fitar da shuɗin hayaƙi, fatawarsa tana da fuska. Illa dai ƙiyasin nasa ya ɓaci daga tushe, saboda lambobin nan biyu ba abu ɗaya suke faɗi ba: ta farko, mai harafin W, tana bayyana yadda man ke gudana lokacin da inji yake da sanyi, kamar asubahin hunturu, ta biyu kuwa tana bayyana kaurinsa in ya kai zafin digiri 100, wanda kusan a nan lafiyayyen inji ke aiki, a Jamus yake ko a Kanembakashe. Su kuwa injunan zamani an ƙera su da 'yan siraran hanyoyin mai, har ma da ƙarfin man ake sarrafa lokacin buɗewar bawul da rufewarsu, ta yadda mai kauri, kafin ya lallaɓa ya hau saman inji da safe, ƙarfe ya riga ya gaisa da ƙarfe. In ka yi masa wannan bayani, zai saurare ka har ƙarshe cikin ladabi, ya ce Allah ya ƙara ilimi, sa'an nan ya cire wa motar ɗan bawul ɗin nan da ke daidaita zafin ruwan lagireto ya jefa cikin gwangwani, wai shi ma na Turawa ne.

Bayansa sai ma'abocin tawakkali, wanda a mazhabarsa juye bid'a ce, ciko shi ne sunna. Hujjarsa ita ce, tun da motar tana shan mai yana kuma ƙara mata sabo, to ashe kullum cikin juye take, ita ce ke yi wa kanta. Ranar da jar fitilar mai ta kama a gabansa, wadda ma'anarta ita ce ƙarfin tura mai ya faɗi, a tsaya nan take a kashe inji, sai ya ce wayar ce ta taɓu, ya samo ɗan hoton wani ɗan takarar dafite ya manna a kai don kada ta ɗauke masa hankali da dare. Injinsa yakan buga ne a tsakanin Gazawa da Agye, da tsakar rana, a watan Afirilu, da iyali a ciki. Kuma in aka buɗe aka tarar da man ya daskare ya koma kwalta, zai girgiza kai ya ce ƙaddara ta riga fata, alhali ita ƙaddarar ta yi wata shida tana aiko masa da saƙo ta bayan hoton ɗan takara.

Akwai kuma Mushe, ma'aikacin furoje ko malamin makaranta, wanda shi kaɗai ne a garin ya mallaki littafin motarsa, ya sa aka sauko masa da shi ta intanet cikin Faransanci, yake kuma ɗauke da shi a waya yana karanta wa makanike kamar mai karanta hukuncin kotu. Shi zahirin nassi yake bi. Littafi ya ce kilomita 15,000, wani ma ya ce har 30,000 ko shekara biyu, to ko sama za ta faɗo ba zai juye kafin nan ba. Abin da ya hana shi cin ribar karatunsa shi ne bai kai ga hashiya ba, inda maƙeran suka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa motar da ke aiki cikin ƙura, ko zafi mai tsanani, ko gajeriyar zirga-zirga, sai a rage mata wa'adin, galibi a raba shi biyu. Kuma duk wanda ya taɓa ratsa rairayin Gulbin Kaba a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko ya bi bayan babbar mota a kan burji cikin hazon hunturu, ya san cewa sharuɗɗan nan uku kamar don Mayahi aka rubuta su.

Wata musibar Mushe kuma ita ce imaninsa da lambar da ke gaban sitiyari. Kakanninmu a Tasawa, tsohon zangon ayarin Abzinawa, ba su sayen raƙumi sai sun buɗe bakinsa sun ƙirga haƙora, domin haƙorin raƙumi ba ya komawa baya. Ita kuwa lambar mota, akwai masu kwamfuta a bakin teku da ke mayar da mai kilomita 300,000 ta koma budurwa mai 90,000 kafin shayi ya nuna. Mushe yana lissafin wa'adinsa daga wannan lamba, da biro ja, ba ya kuskuren ko ɗaya.

Kishiyarsa shi ne mai waswasi. Wannan ba ya iya barci in ya zaro ma'aunin mai ya ga ya yi duhu, bai kuwa sani ba cewa baƙin da mai ke yi alama ce ta yana aikinsa, yana kwashe dauɗar inji yana riƙe ta a jikinsa. Saboda haka kusan kowace ranar kasuwa yana garaji ana yi masa bidanji, kamar yadda muke faɗi a nan. Da israfin nasa ya tsaya nan, da sai a ce dukiyarsa ce. Amma da yake yawan juye yana cin aljihu, sai ya koma sayen mai a hannun masu aunawa da kwalba a bakin hanya, kusa da 'yan ruwa-ruwa, man da ba a san ubansa ba, ya kuma hana a canza filtar mai, ya ce a wanke ta da fetur a mayar. Filtar iska kuwa, wadda a ƙasarmu ita ce mai gadin ƙofa, gama ƙurar da ta wuce ta kai tsaye take shiga tana cin fistin da ringi, wannan sai a buga ta a jikin taya sau uku, a hura, a mayar da ita da ɓulinta.

Mai talfiƙi ba ya buƙatar dogon sharhi: rabin galan na wancan, sauran kwalbar makwabci, da ɗan abin da ya rage na babur, wai duk wanda ya gaza ɗan'uwansa ya rufa masa asiri.

Amma wanda ya fi ba ni dariya da takaici a haɗe shi ne ɗan Alhaji, wanda dominsa ma aka yi motoci masu gudu. Ya sayi mai silinda 8 ko mai turbo, ba don yana da inda za shi ba, gama daga gidansu zuwa fadar da suke shan shayi ko jaki ba zai yi gumi ba, sai don jama'a su ji ƙarar salansa. Da sassafe, kafin mai ya zagaya, zai taka totur har kaji su watse. Da yamma zai fita kan babban titi ya nufi Maijirgi a guje ya dawo, ya ci birki a gaban abokai, ya kashe inji nan take, alhali turbo, wanda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, yana can ciki ya yi jawur, man da ya tsaya a cikinsa yana ƙonewa yana zama gawayi, da ya yi haƙurin minti ɗaya ko biyu inji na aiki a tsaye da ya huce. Ya kashe jikkuna masu yawa a kan ƙafafu masu ƙyalli da baƙin gilashi da amsa-kuwwa ba tare da ya nemi ragi ba, amma ranar da aka gaya masa cewa injin nasa yana shan wajen lita 8, wato galan guda ba ya isa, kuma irin man da maƙerin ya shardanta sai an aika Maraɗi ko Kano, a nan ne zuhudu ke sauko masa, ya tuna cewa duniya ba wurin zama ba ce, ya ce, "Baba, a zuba mata na Alhaji kawai, ai duk mai mai ne." Na Alhaji kuwa na tsohuwar Hilux ne mai shan gazuwal.

A gefen duk waɗannan, a kan benci, akwai muftin garaji, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba, amma babu motar da za a buɗe wa baki bai taso ya leƙa ba, hannuwa a baya. Ya san cewa matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ya san fetur ya yi tsada a Najeriya tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, kuma daga waɗannan muƙaddimomi biyu na gaskiya yakan fitar da natija ta uku wadda ba ta da dangantaka da su, misali cewa duk man da ke cikin jan galan ya fi na shuɗi. In inji ya tashi, ya ce ai ya faɗa. In ya buga, ya ce ai ya faɗa. Yaron garaji, wanda shi ne ke kwance a ƙasa mai na zuba masa a hannu, ba ya tanka masa, domin hankalinsa na kan tsohon man da yake tarawa a jarka: wani zai tafi gidan mai injin niƙa, wani a shafa wa ƙafar amalanke, wani a shafe azara saboda gara, wani kuma, Allah ya kiyaye, a tace shi da tsumma a ɗura a galan mai kyan gani, ya dawo ta hannun mai waswasi. Wannan ne dalilin da ya sa masu hankali ke huda galan in ya ƙare.

Cikin masu hankalin nan, wadda na fi girmamawa ba ta cikin masu mazhaba ko kaɗan. Wata Hajiya ce mai fataucin gyaɗa da wake, wadda ba ta san W daga wawu ba, amma ta sa ɗanta ya nemo lambar man da maƙerin motarta ya rubuta, ta sa aka rubuta mata a bangon ɗan littafin da take lissafin bashi. Tana sayen galan a rufe daga gidan mai sananne, ta zauna a kujera a garaji ta ga an ɓalle hatiminsa a gabanta, ta ga sabuwar filta ta shiga, tsohuwar ta fito a miƙo mata. Kowane kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, take dawowa, filtar iska kuwa ba ta barinta ta ga ƙarshen hunturu. In dattijon makanike ya fara wa'azin kauri, sai ta ce, "Malam, Allah ya ba ka lada, zuba wanda na kawo." Makanikai suna girmama ta ƙwarai, amma ba su cika murna da ita ba, domin ba a taɓa sauke mata inji ba.

Sauran motocin kuwa, ta mai tawakkali da ta Mushe da ta ɗan Alhaji, duk makomarsu ɗaya ce, hannun dillali. Shi ne kaɗai mutumin da ya fahimci mazhabar kauri fahimta ta haƙiƙa, gama ya san cewa mafi kaurin mai, in aka cika inji da shi da safe, yana rufe bakin ƙarar ƙarfe da hayaƙi har zuwa la'asar, wanda ya ishi a yi ciniki a sha fura. Zai wanke injin da omo har ya yi ƙyalli, ya ɓanɓare hoton ɗan takara tare da ƙwan fitilar da ke bayansa, ya shaida wa baƙon da ya zo daga Dakwaro cewa wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa kasuwa da ita sau ɗaya a mako. In baƙo ya nuna shakka, sai dillali ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi tun da motar nan ta shigo hannuna ba ta taɓa ba ni matsala ba." Kuma bai yi kaffara ba, domin jiya bayan magariba aka turo masa ita.