Ire-iren Masu Tunkarar Waƙoƙin Magabata a Keffi

Keffi, garin da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, gari ne mai jami'a da makarantun zaure, saboda haka ba ya rabuwa da sababbin shiga a fagen rubutattun waƙoƙi, kuma mai lura zai ga sun kasu kashi biyar.

Na farko shi ne Mai Ladabi, wanda ya sayi Imfiraji ta Aliyu Namangi, ya yi mata bango da takardar siminti, ya ɗora ta can saman durowa yana kaɗe mata ƙura duk Juma'a, domin a ganinsa buɗe ta kafin mutum ya ƙoshi da nahawu rashin kunya ne.

Na biyu shi ne Ɗan Ƙamus, wanda kowace kalmar Larabci kan tsare shi kamar cunkoson Mararaba a hanyar Abuja, har wata ya kama ya mutu bai wuce baitin yabon Ubangiji da salatin da aka buɗe waƙar da su ba.

Na uku shi ne Ma'auni, wanda ya ɗanɗani arula, wato ilimin awon karin waƙa da aka aro daga Larabawa, ya kuwa maƙale a can. Yakan ƙirga gaɓoɓi da yatsu yana gunaguni da fa'ilatun, ya ja layi a ƙarƙashin amsa-amo, wato sautin da ƙarshen ɗangogi ke haɗuwa a kansa, amma in aka tambaye shi ko waƙar wa'azi ce ko ta siyasa, sai ya ce bai kai nan ba tukuna.

Na huɗu shi ne Mai Jerin Sunaye, sarkin teburin mai shayi a Unguwar Lambu, wanda ya san Nana Asma'u ta rasu a 1864, Sa'adu Zungur kuma a 1958, yana kiran Aƙilu Aliyu da sigar tsohon aboki, sai dai da zarar an nemi ya kawo baiti guda, wayarsa kan yi ƙara.

Ta biyar ita ce Mai Kunne, tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan arula ba, ta dai tsinci Imfiraji a bakin makafi masu rerawa a ƙofar gida, amma da an karya kari za ta ɗaga kai ta gyara.

Hanyarta ce ta dace da asalin waƙoƙin, domin Namangi kansa makaho ne, Asma'u kuwa ta tsara nata ne don malamai mata da ake kira jaji su kai wa matan karkara su haddace. Don haka sabon shiga ya fara da rera baiti da murya, ya bi ma'anar da ta fito fili, ya bar ƙamus da awo sai waƙar ta zauna a bakinsa.