Ina Zuwa Da Mari

Wani maƙwabcina ya dawo daga cin kasuwar Funtuwa, ya tura wa surukinsa saƙo a WhatsApp: "Baba, gobe ina zuwa da mari." Damari yake nufi, garinmu na ƙaramar hukumar Sabuwa. Babban yatsansa ne ya danna fili a tsakiyar suna. Tsoho ya kwana yana lissafin laifin da 'yarsa ta yi, da asuba ya tara ƙannensa biyu a zaure, kowa da gora.

Haka muke yanzu. Abin da ya kamata a haɗe sai mu raba, wanda ya kamata a raba sai mu liƙe shi kamar ƙuli-ƙuli. "Yazo", "zanzo", "inanan". In ka yi gyara a ce maka: "To Malam, ai ka gane." Na gane, amma surukin bai gane ba.

Malamin Hausa ya sha faɗa mana a aji cewa harɗaɗɗiyar kalma da karan ɗori ake ɗaure ta: a-kori-kura, hana-salla, ka-ce-na-ce. Muka yi dariya, muka ce wannan ɗan tsinken me zai tsinana? Sai da wani magidanci ya so cin dafa-duka, ya rubuta wa uwargida "yau dafa duka". Ta bi umarni. Shinkafar wata guda ta shiga tukunya, har almajiran unguwa suka yi masa addu'ar ƙarin arziki.

Ba mu kaɗai ba ne. A Norwe ma, in an rubuta røykfritt a haɗe, an hana shan taba ke nan. In an raba shi, røyk fritt, an ce kowa ya busa son ransa.

Sai 'yan birni. Yaro ya yi wata uku a Abuja yana gadi, ya dawo lanƙwasar ƙ ta faɗi a hanyar Kaduna. Ƙanƙara ta zama "Kankara", harshe a miƙe kamar na mai karanta labarai da Turanci. Ka gyara masa, abin ya faskari kowa, har mutanen Faskari.

Maƙwabcin nawa kuwa bai daddara ba. Makon jiya ya tura wa matarsa: "Yau zan kwana wajen sabuwa." Har yanzu tana gidan Baba, gorar kuma tana nan a jingine.